Tattalin Ruwa a Lambun Gida da Filin Ciyawa a Legas: Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaran Ƙasa

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawo tsakanin 'yan'uwanmu masu aikin kula da furanni da ciyawar ado a gidajen Legas, da masu gadin da aka haɗa musu ban ruwa a kan aikinsu, da magidantan da suka gina nasu a Agege, Ikorodu ko Ajah, suna son ganin ɗan kore a tsakar gida ba tare da kuɗin ruwa ya cinye su ba. An jero su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne, yawancin ruwan da ake asara a lambu ƙasa ce ke kasa riƙe shi, saboda haka daga ƙasa ya kamata gyara ya fara.

Garin da ruwa ya kewaye, ake kuma ambaliya duk shekara, me ya kawo maganar tattalin ruwa?

Gaskiya ne ruwan saman da ke sauka a Legas ya kan haura milimita 1,500 a yawancin shekaru, amma kusan duka yana zuwa ne tsakanin Afrilu da Oktoba, ya fi ƙarfi a watan Yuni, ya ɗan tsagaita a Agusta. Daga Nuwamba zuwa Maris sai a yi makonni ba a ga ko yayyafi ba, ga iskar hunturu, ga zafin Fabrairu da Maris. A waɗannan watanni duk abin da ya tsira a gida da tiyo yake rayuwa.

Ruwan tiyon kuwa ba kyauta ba ne. Ruwan gwamnati da ake tacewa a Adiyan da Iju (wadda ke aiki tun 1915) ba ya isa yawancin unguwanni, shi ya sa jama'a suka dogara ga rijiyar burtsatse, tankar ruwa da 'yan garuwa. Mai rijiya yana biyan kuɗin wuta ko na man janareto kafin ruwa ya hau tanki, wanda ba shi da ita kuma yana sayen jarka-jarka. A unguwannin bakin teku akwai wata illar da ta fi kuɗi: yawan zuƙar ruwan ƙasa yana janyo na teku ya kutso ciki, rijiya ta koma zartsi, kuma idan ta koma ba ta saurin dawowa. Ruwan da aka yi almubazzaranci da shi a kan ciyawa daga inda maƙwabta ke sha aka ɗebo shi.

Ta yaya zan gane irin ƙasar gidan da nake aiki?

A taƙaice ƙasar Legas kashi biyu ce. Daga Ikoyi da Victoria Island zuwa Lekki, Ajah da Badagry yashi ne ya fi yawa, kuma filaye da dama cike su aka yi da yashin da aka yaso daga ruwa. A wajajen Ikeja, Agege, Ogba da tudun Ikorodu kuwa jar ƙasa ce, mai ɗan yumɓu, wadda ke taurare idan ta bushe. Sai dai kada a dogara ga sunan unguwa, domin abin da tifa ta juye lokacin gini shi ne ƙasar gidan, kuma sau da yawa a ƙarƙashin ɗan yatsa uku na baƙar ƙasa ɓaraguzan bulo ne da ragowar siminti.

Gwaji biyu sun isa. Na farko, a jiƙa ƙasa a dunƙula a hannu: idan ta wargaje yashi ce, idan ta dunƙule har ana iya murza ta ta yi tsawo kamar igiya to yumɓu ya yi yawa, idan kuma ta dunƙule amma ta farfashe da an latsa ta, wannan ce ake nema. Na biyu, a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa a duba agogo. Idan ya ƙafe cikin ƙasa da awa ɗaya, ƙasar ba ta riƙe ruwa. Idan aka kwana aka tarar da shi, ƙasar ta danƙare ko kuma ruwan ƙasa ya matso sama. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kamar yadda za a gani a amsar tambayar ruwan da ke gangarewa da ta kwanciyar ruwa da damina.

Ruwa nawa ciyawa take bukata a gaskiya?

Ma'aunin da masana ciyawar ado suka fi bayarwa shi ne kimanin milimita 25 a mako, a ƙara kaɗan idan zafi ya tsananta. Lissafin bai da wuya: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana cin lita 2,500 a mako, wato jarka 100 mai lita 25, ko kura 10 idan kowace tana ɗaukar jarka goma. Wanda ya ga wannan adadi zai fahimci dalilin da ya sa rage ko da kashi ɗaya cikin huɗu yake da daraja.

Domin sanin abin da ake zubawa, a duba minti nawa tiyo ke ɗauka kafin ya cika bokiti mai lita 20. Idan na'urar feshi ake amfani da ita, a jera gwangwanaye masu miƙaƙƙen gefe a wurare huɗu ko biyar, a kunna rabin awa, a auna zurfin ruwan da ya taru. A jar ƙasa a raba adadin mako gida biyu, a yashi gida uku, domin yashi ba ya iya ɗaukar ruwan mako a zama ɗaya. Rarar sai ta wuce saiwa ta tafi da taki.

Ina ba da ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙayau. Mene ne maganin da ya fi?

Ruɓaɓɓen taki. Babu wani abin da ake sayarwa a kwalba da ya kama ƙafarsa. Yashi tamkar rariya yake, ƙwayoyinsa manya ne kuma ramukan da ke tsakaninsu suna da faɗi, don haka ruwan da yake ajiye wa shuka bai wuce rabin na ƙasa mai kyau ba, wani lokaci ma bai kai ba. Ganye da kashin dabbobi da suka ruɓe suna shiga waɗannan ramuka, su tsotsi ruwa su riƙe, su kuma riƙe abincin shuka. A jar ƙasa aikinsu na daban ne: suna sa ta dunƙule ƙanana-ƙanana ta yi laushi, ruwa ya samu hanyar shiga, tsutsar ƙasa, wato tana, ta samu wurin zama ta ci gaba da huda ta.

Idan ba a dasa komai ba tukuna, wannan ita ce damar da ba ta dawowa da sauƙi. A kwashe ɓaraguzai, a baza taki mai kaurin santimita 5, a juya shi da fartanya ko shebur ya gauraya da ƙasa zuwa zurfin santimita 15 ko 20. Fili mai murabba'in mita 100 zai ci kimanin baro 60 zuwa 70. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a shimfiɗa baƙar ƙasa a kan yashi ko kan dandararriyar jar ƙasa ba tare da an gauraya ba. Saiwa sai ta tsaya a wannan siririn bene ta ƙi sauka, ciyawar ta zama mai ƙishirwa har abada.

Abu ɗaya da ya kamata a sani tun farko: a zafi da danshin Legas taki yana saurin ƙonewa a cikin ƙasa, ba kamar a ƙasashen sanyi ba. Wanda aka zuba bana, baɗi ya ragu sosai. Saboda haka aiki ne na kowace shekara, kuma duk mai lambun da ya san abin da yake yi ba ya barin a kwashe ganye da yankakkiyar ciyawa a miƙa wa motar shara. Ya kan ware musu lungu ya tara, yana ɗan yayyafa ruwa yana juyawa, cikin wata biyu zuwa uku su zama taki.

Ciyawar ta riga ta kama. Sai an tone ta kafin a gyara ƙasar?

A'a. A yanke ta ƙasa kaɗan fiye da yadda aka saba, a ba ta ruwa kwana ɗaya kafin aikin, sannan a bi filin da ƙarfe mai yatsu ko tsinin rodi ana hudawa, zurfin santimita 8 zuwa 10, tazarar tafin hannu. Bayan haka a tankaɗe ruɓaɓɓen taki, a baza shi siriri, kada ya wuce santimita ɗaya, a bi da manjagara ko tsintsiya har ya faɗa ramukan, kan ciyawar yana leƙowa. Murabba'in mita 100 zai ci baro 12 zuwa 15. Sau biyu a shekara ya isa, kuma bambancin ya fi bayyana a shekara ta biyu. Kada a yi wa ciyawa bargo da baƙar ƙasa mai kauri kamar yadda wasu ke yi. Tana shaƙe ta, tana kuma kawo aya-aya.

Ina ake samun taki a Legas, kuma wanne ya fi, na shanu ko na kaji?

Kashin shanu da na tumaki ana samunsa a mayankar Oko-Oba da ke Agege da sauran kasuwannin dabbobi, inda 'yan'uwanmu suke da yawa. Na kaji yana fitowa daga gonakin Ikorodu, Epe da Badagry, galibi gauraye da dusar katako. Wajen riƙe ruwa na shanu ya fi, domin yana da zare-zare da yawa. Na kaji ya fi ƙarfin abinci, ya kuma fi zafi da gishiri, don haka kaɗan ake sa shi, musamman inda ruwan yake da zartsi.

Kowanne ne, ba a zuba shi ɗanye. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana wari, yana tara ƙuda, yana ɗauke da irin ciyayi da ƙwayoyin cuta, kuma a gidan da yara ke wasa a kan ciyawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. A tara shi da busasshen ganye, a rufe, a riƙa juyawa duk mako biyu. Alamar ya nuna ita ce ya yi baƙi, ya huce, ya daina wari sai ƙamshin ƙasa.

Mene ne amfanin lulluɓe ƙasa, kuma da me ake yi?

A gindin furanni da bishiyoyi da shinge, babu dabarar da ta fi wannan saurin nuna sakamako. Ƙasar da rana ke duka kai tsaye tana asarar ruwa ta sama, tana yin ɓawo, tana zafi har ƙananan saiwoyi su mutu. Idan aka rufe ta da kaurin santimita 5 zuwa 8, danshi ya kan daɗe, ciyayi masu satar ruwa su ragu, kuma rufin da kansa yana ruɓewa ya zama taki. A bar tazarar yatsa huɗu tsakanin rufin da jikin shukar, in ba haka ba gindin zai ruɓe.

Legas ba ta rasa kayan yi ba. Akwai busasshen ganyen mangwaro, na bishiyar da ake kira fruit da na darbejiya. Akwai ɓawon kwakwa, wanda Badagry ta yi suna da shi, kuma idan aka daddatse shi ko aka kife shi a gindin bishiya yana daɗewa. Akwai ɓuntun shinkafa, ga kuma babban injin casa da aka buɗe a Imota a watan Janairun 2023. Akwai dusa da ɓarzajjen katako daga masu yankan katako, waɗanda a da Oko-Baba ta Ebute Metta ce cibiyarsu. Game da dusar katako akwai sharaɗi: a sama kawai ake baza ta, ba a cusa ta cikin ƙasa ɗanya, domin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita suna janye sinadarin naitirojin, wanda abincin shuka ne, daga ƙasa, ganye ya koma rawaya. Mai laushi sosai kuma tana danƙarewa ta hana ruwa shiga, sai an gauraya ta da ganye. A guji dusar katakon da aka yi wa fenti ko magani.

Farin dutse da tsakuwa da ake zubawa don ado suna rage bushewa kaɗan, amma suna tara zafi kuma ba sa ƙara wa ƙasa komai. Sun dace da kariya da sauran shuke-shuke masu son fari.

Ba zai jawo gara cikin gida ba?

Gara tana son busasshen itace mai danshi, wannan gaskiya ne. Saboda haka kada rufin ya taɓa bango, ƙofa ko wani katako na gini. A bar aƙalla taku ɗaya fili. Kusa da gini a yi amfani da ruɓaɓɓen taki ko tsakuwa, a kai dusar katako can gindin bishiyoyin da ke nesa, a kuma riƙa ɗaga rufin ana dubawa.

An ce garin gawayi yana riƙe ruwa. Haka ne?

Haka ne, musamman a yashi. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma ba ya ruɓewa da wuri, don haka yana cike gurbin raunin taki da aka ambata a sama. A yankin Amazon na ƙasar Birazil akwai baƙar ƙasa mai albarka da mutanen da suka zauna wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce suka samar da gawayi da shara, kuma har yau ta fi ta kewayenta kyau. A nan kuma ba sai an sayi na kamfani ba. Ɗiɗɗigar da ke taruwa a gindin buhu wajen masu sayar da gawayi ta wadatar.

A daka shi ya koma kamar ƙwayar gero zuwa ta masara, a jiƙa, a gauraya da taki a bar shi mako biyu zuwa huɗu kafin a zuba. Idan aka sa shi haka nan, zai fara tsotse abincin da ke ƙasa kafin ya saki. Kwano ɗaya na gawayi cikin kwano goma na ƙasa ya isa. Toka daban ce: ba ta riƙe ruwa, tana da kaifi irin na kanwa, kuma a gidan da ƙasa ta riga ta sha siminti tana iya ƙara sa ganye rawaya.

Me ya sa ruwa ke gangarewa a wasu wurare ya ƙi shiga ƙasa?

Dalili biyu ne, kuma dole a rarrabe su. Idan jar ƙasa ce ko wurin da motoci da ƙafafu suka tattake, danƙarewa ce; maganinta hudawa da taki, kamar yadda aka bayyana a amsar ciyawar da ta riga ta kama. Idan kuwa yashi ne, ana iya samun wani maiƙo-maiƙo daga ruɓaɓɓen ganye da saiwa ya lulluɓe ƙwayoyinsa, da zarar ya bushe sosai sai ya ƙi karɓar ruwa. Alamar ita ce tabo-tabon busasshiyar ciyawa a tsakiyar kore, duk da ana ba su ruwa daidai da sauran. A ɗebo busasshiyar ƙasar wurin a ɗiga mata ruwa: idan ɗigon ya tsaya curi guda ya wuce daƙiƙa biyar bai nutse ba, matsalar ke nan.

A nan ne maganin jiƙa ƙasa da ake sayarwa yake da amfani na gaske. Sinadari ne dangin sabulu da ke sa ruwa ya baje ya ratsa. Ana fesa shi a farkon rani, a bi shi da ruwa, a maimaita bisa abin da aka rubuta a jikin kwalbar, domin yana wankewa. Ba ya ƙara wa ƙasa ƙarfin ajiya, hanya kawai yake buɗewa, don haka a ƙasar da ruwa ke shiga lafiya asarar kuɗi ne. Kada a maye gurbinsa da garin sabulun wanki, wanda ke ɗauke da gishirin da ke ɓata ƙasa.

Ƙwayoyin nan da ke kumbura su zama jel fa, sun cancanci kuɗinsu?

A tukunyar fure da ramin dashen bishiya suna taimakawa. A filin ciyawa, a ganina, ba su cancanta ba. Adadin da ake tallatawa, cewa suna shan ruwa ninkin nauyinsu sau ɗaruruwa, da tataccen ruwa aka auna shi. Idan ruwan yana da gishiri ko an zuba takin zamani, abin da suke sha yana raguwa ƙwarai, kuma ruwan Lekki da Ajah sau da yawa haka yake. Suna kuma lalacewa cikin 'yan shekaru.

Wanda zai yi amfani da su, ya jiƙa su tukuna su kumbura kafin ya gauraya da ƙasa, ya binne su a inda saiwa take, domin rana tana kashe su, kuma kada ya wuce awon da aka rubuta, in ba haka ba da damina za su tura shukar sama. Wanda ke cikin ƙunzugun jarirai ba na noma ba ne, yana da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kada a sa.

Ruwan rijiyarmu zartsi ne, bakin ganye yana ƙonewa. Jifsam zai gyara?

Gishiri yana hana saiwa tsotsar ruwa, shi ya sa shuka ke yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Jifsam, wani farin garin ma'adini da ake zuba wa ƙasa, ba ya cire gishiri daga ruwa. Amfaninsa yana ga ƙasa mai yumɓu da sodiyam ya sa ta manne, inda yake taimaka mata ta buɗe ruwa ya wanke gishirin. A zallan yashi ba a bukatarsa, domin ruwan sama kaɗai yana wankewa. Inda ake fama da zartsi, yayyafi kaɗan-kaɗan kullum shi ne mafi muni, tunda ruwan yana tashi ya bar gishirin a sama. Gara a riƙa ba da ruwa mai yawa jifa-jifa, a zuba a gindi ba a kan ganye ba, a lulluɓe ƙasa, a rage kashin kaji da takin zamani.

Mafi alheri shi ne a tari ruwan sama a gauraya. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubo kusan lita 1,000 a duk ruwan milimita 10. A rufe tankin da kyau saboda sauro. Idan kuwa ruwan ja yake yi yana ɓata bango, wannan ƙarfe ne ba gishiri ba; a bar shi ya sha iska ya kwanta a tanki, domin yana toshe bututun ban ruwa na ɗigo.

Idan ƙasa ta koma mai riƙe ruwa, ba za ta jiƙe ta kashe shuka da damina ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma a nan Legas ta bambanta da Kano ko Sakkwato. Ruɓaɓɓen taki da gawayi ba sa hana rarar ruwa wucewa, sai ma su taimaka a jar ƙasa. Abin da ke jawo kwanciyar ruwa shi ne laka, da danƙarewa, da kwari. Don haka kada a ɗauko lakar kwata ko ta fadama a juye a kan yashi da sunan gyara. Inda ramin gwaji ya kwana da ruwa, a ɗaga kunya ta kai santimita 20 zuwa 30, a fitar wa ruwa hanya, a rage kaurin rufin ƙasa a watannin Yuni da Yuli, a mayar da shi a Oktoba.

Akwai dabarun gida da za su yi aiki a nan?

Akwai. Manoman yankin Tawa a Nijar sun san tassa, wato ramin da ake haƙawa a fako a zuba taki domin ya tare ruwa. A Burkina Faso ana kiransa zai, kuma da shi marigayi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu har ya samu lambar yabo ta duniya a 2018. A lambun gida wannan yana nufin a yi wa kowace bishiya kwano a gindi da rani, a cika da taki da ganye. Sai dai a Legas dole a fasa bakin kwanon idan damina ta kankama.

Ta biyu ita ce binne tulu ko ƙaramar randa wadda ba a shafe ta ba, a bar bakinta a waje, a cika da ruwa a rufe. Ruwan yana tsatsowa ta jikinta gwargwadon bushewar ƙasa, saiwoyi su kewaye ta. Ga sabon dashe da ɗan lambun yakuwa ko alayyafo a bayan gida, ban san hanyar da ta fi ta arha ba.

Yanka ciyawa da takin zamani suna da alaƙa da shan ruwa?

Ƙwarai kuwa. Ciyawar da aka aske ƙwal saiwarta gajeruwa ce, ƙasarta kuma a buɗe take ga rana. Da rani a ɗaga injin mataki ɗaya, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka guda, a wasa wuƙar, a bar yankakken ya koma ƙasa idan bai yi yawa ba. Takin zamani irin su yuriya da kamfa suna sa tofo, tofo kuma yana neman ruwa. A ba da su da damina, a ɗaga musu ƙafa daga Disamba zuwa Maris.

Irin ciyawar ma yana da tasiri. Wadda ake kira kafet tana son inuwa da danshi, ita ce ke fara yaushi. Bahama, wato ƙiri-ƙirinmu na gida, ta fi jure fari a wuri mai rana: tana yin ruwan ƙasa-ƙasa, ruwan farkon damina yana sauka ta farfaɗo. Mafi girman tattali kuwa shi ne a rage faɗin filin, a bar ciyawa inda ake zama, sauran a dasa masu haƙuri irin su kariya, lalle, zogale da jema.

Za a iya ba shuka ruwan da aka riga aka yi amfani da shi?

Ruwan alwala, na wanke shinkafa da kayan miya, na ɗaurayar ƙarshe, da wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki duk suna da kyau. Na ƙarshen ma ba shi da gishiri, kuma a danshin Legas bokiti ya kan taru. A zuba su a gindi a ranar, kada su kwana biyu. Banda mai bilic, mai maiƙo, da ruwan wankin farko. Ruwan kwata da na masai kuwa babu maganarsu. Ɓarkewar kwalarar da aka yi a Legas a watan Yunin 2024 ta isa gargaɗi.

Maigidan yana son ya ga ana ban ruwa safe da yamma. Yaya zan yi?

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun masu aiki, domin a wurin masu gida da yawa tiyo a hannu shi ne shaidar ana aiki. Gardama ba ta da amfani. A nemi izini cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a ba ni wannan gefen na wata ɗaya in gwada, idan bai yi ba sai mu koma yadda aka saba." A huda gefen, a sa taki, a riƙa ba shi ruwa sosai sau uku a mako da sassafe kafin rana ta ɗaga, lokacin da iska ba ta kaɗawa. Kada a yanke ruwan kwatsam. Ciyawar da ta saba da kullum saiwarta a sama take, sai an janye a hankali cikin mako uku ko huɗu.

Hujjar da ta fi shiga kunne ita ce sau nawa ake kunna famfo a mako da man da aka rage. Ana kuma iya nuna wa Alhaji ko Hajiya da ido: a soka sukudireba a ƙasa, idan ta shige tsawon ɗan yatsa biyu ba wuya akwai danshi, idan aka taka ciyawa sawun ya ƙi tashi, to lokacin ruwa ya yi. Ban ruwan dare kuma a guje shi, domin ganyen da ya kwana a jiƙe yana kamuwa da cutar funfuna.

Wane lokaci ya fi dacewa a fara?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira Janairu ya makara. A tara ganye da kashin dabbobi tun Yuli da Agusta domin su ruɓe. A ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ƙasa na da sauran laushi, a huda fili, a baza taki, a lulluɓe gindin shuke-shuke, a tabbatar tankin ruwan sama ya cika. A Nuwamba a yi gwajin ɗigo, a fesa maganin jiƙa ƙasa idan da bukata, a gyara tiyo da famfon da ke yoyo. Sabon dashen ciyawa da bishiyoyi kuwa a bari sai Afrilu ko Mayu, a gauraya taki da gawayi kafin a dasa, ruwan sama ya raine su wata shida. Ko ranar dashen bishiya ta jihar Legas, 14 ga Yuli, a tsakiyar damina take.